Ambaliya ko fari na iya hana yaro tsayi, ko da bai san an yi ba?

Yayar Maijego:

Assalamu alaikum. Ina da wata tambaya da ta tsaya mini a rai, kuma ina fatan waɗanda Allah ya ba su sani a fannin lafiyar yara za su warware mini ita. Ƙanwata tana da ciki wata biyar ambaliyar ruwa ta ci gidansu da abin da suka noma. Sun zauna a matsugunin wucin gadi kusan wata huɗu, kuma a can ta haihu. Da suka koma gida ba su iske komai ba, don haka shekarar farko ta yaron duk cikin ƙunci aka yi ta, ga shi kuma ya sha fama da gudawa, ta tafi ta dawo. Yanzu yana da shekara biyu da rabi. Yana wasa, yana magana, yana cin abinci, amma duk wanda ya gan shi tare da sa'anninsa zai lura cewa sun fi shi tsayi sosai. Yayansa, wanda yake da shekara shida lokacin ambaliyar, shi ne ya ga tashin hankalin da idonsa, har yau yana firgita idan hadari ya haɗu, amma jikinsa bai nuna komai ba, tsayinsa daidai da na tsararrakinsa.

Mahaifin yaran yana cewa gado ne, domin a danginsu akwai gajeru. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta da wannan bayani ba. Shin zai yiwu bala'in da ya auku yaro yana ciki, ko yana goye, ya bar tabo a girman jikinsa, alhali wanda ya fi shi wayo a lokacin ya tsira? Idan kuwa haka ne, abin ya riga ya wuce gyara, ko akwai sauran dama?

Ma'aikacin Lafiyar Al'umma:

Wa alaikumus salam, Yaya. Abin da kika lura da shi tsakanin yaran nan biyu shi ne ainihin abin da masana suka daɗe suna gani, kuma dalilinsa yana cikin yadda ɗan Adam yake girma. Jariri yakan zo duniya da tsawon kimanin santimita 50. A shekararsa ta farko yakan ƙara kusan 25, a ta biyu kusan 12, daga nan saurin ya ragu zuwa 5 ko 7 a kowace shekara har zuwa balaga. Yaro ɗan shekara biyu ya riga ya kai wajen rabin tsayin da zai yi idan ya girma. Saboda haka ake magana a kan kwana 1,000 na farko, wato daga shigar ciki zuwa cikar shekara biyu. Wata huɗu na yunwa da cuta a wannan tsakani sun faɗa daidai lokacin da ƙashi yake kan ganiyar miƙewa, amma wata huɗun nan a wurin ɗan shekara shida ba su tarar da wani babban aiki da za su katse ba. Babban yaro yakan rame, sa'annan ya murmure idan abinci ya samu. Ƙaramin kuwa tsayi yake rasawa, shi kuma tsayi ba ya dawowa da sauƙi kamar nama.

Ya kamata a bambance abu biyu da mutane kan haɗa su a ƙarƙashin kalmar tamowa. Akwai rama, wadda take nuna cewa nauyin yaro bai kai abin da ya dace da tsayinsa ba, tana zuwa da sauri, tana iya kisa, amma tana warkewa cikin makonni idan an kula. Akwai kuma tsumburewa, inda tsayin yaro bai kai na shekarunsa ba, ita kuwa a hankali take taruwa, ba ta da zafi balle a ruga asibiti dominta. Bayanin da kika yi ya fi kama da ta biyu.

Ruwan ambaliyar kansa ba shi ne yake taɓa ƙashin yaro ba. Abin da ya biyo bayansa ne. Mai ciki da ba ta samun isasshen abinci, ko take da ƙarancin jini, ko zazzaɓin cizon sauro ya kama ta saboda ruwan da ya kwanta, ɗan cikinta ba ya samun cikakken rabonsa ta hanyar mabiyiya, sai a haife shi da nauyin da bai kai giram 2,500 ba, ko kuma ya zo bakwaini. Bayan haihuwa kuma sai ruwan sha ya gurɓata da bahaya, gudawa ta shigo. Gudawa tana cutarwa ta fuska uku a lokaci guda: tana kashe sha'awar abinci, tana hana hanji tsotse ɗan abin da aka ci, kuma jiki yana karkatar da ƙarfinsa zuwa yaƙi da cuta maimakon gina ƙashi. Idan sau ɗaya ce, yaro yakan rama abin da ya rasa. Idan ta riƙa dawowa kafin ya gama murmurewa daga ta baya, giɓin sai ya yi ta taruwa. Ga kuma yankewar awon ciki da riga-kafi idan hanyoyi sun lalace, ga cunkoson matsuguni da yake ba ƙyanda damar yaɗuwa, ita kuma ƙyanda sananniya ce wajen jefa yaro cikin tamowa.

Game da batun gado, mahaifinsa bai yi ƙarya ba, sai dai maganar ba ta cika ba. Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunin girman yara a 2006, ta gina shi ne a kan yara daga ƙasashe shida: Brazil, Ghana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. Abin da aka gani shi ne, idan an shayar da su nono, an ciyar da su da kyau, an kare su daga cuta, yaran waɗannan al'ummomi mabambanta suna girma kusan bai ɗaya har zuwa shekara biyar. Gado yana da tasiri tsakanin wannan gida da wancan, amma a ƙuruciya yanayin rayuwa ya fi shi rinjaye.

Malamin Ƙididdiga:

Ma'aikacin Lafiya ya yi bayanin yadda abin yake faruwa, ni zan kawo abin da aka auna, domin an bi sawun yara a ƙasashe da dama bayan bala'o'i iri-iri.

A Zimbabuwe, masu bincike biyu, Hoddinott da Kinsey, sun riga sun daɗe suna auna yaran wasu gidajen karkara kowace shekara lokacin da farin 1994 zuwa 1995 ya zo. Sun iske cewa yaran da suke tsakanin wata 12 da wata 24 sun rasa santimita 1.5 zuwa 2 na girman da ya kamata su yi, alhali waɗanda suka girme su ba su nuna wannan koma-baya ba. Kin ga ya yi kama da labarin 'ya'yan ƙanwarki. Sun kuma lura cewa yaran gidajen da suke da ɗan hali sun fi samun damar cike giɓin daga baya, na gidajen matalauta kuwa suka ci gaba da zama a baya. A Habasha, an auna waɗanda suke tsakanin shekara ɗaya da uku a tsakiyar yunwar 1984 bayan sun zama samari da 'yan mata, aka tarar sun gaza waɗanda abin bai shafa ba da kimanin santimita 5. Ya kamata in faɗa cewa wannan yunwa ba fari kaɗai ya haddasa ta ba, akwai yaƙi da manufofin gwamnati a ciki, kuma sau da yawa haka lamarin yake: ruwan sama ne yake ɗaukewa, amma mutane ne suke yanke wanda zai ci da wanda zai kwana da yunwa. A Bangaladash kuma, ambaliyar 1998 ta rufe kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar, kuma yaran gidajen da ruwan ya ci sun kasance ƙanana fiye da sauran, ba su kuma kamo su ba a tsawon lokacin da aka bibiye su.

Sai dai akwai misali ɗaya da nake so Yaya ta riƙe, domin shi ne ya fi kusa da amsar tambayarta ta biyu. Ranar 26 ga Disamba 2004 igiyar tsunami, wato babbar igiyar teku da girgizar ƙasa take tayarwa, ta afka wa lardin Ache na Indonesiya, ta hallaka mutane wajen 160,000 a can. An bi yaran da suke cikin uwayensu a ranar. Bayan shekara ɗaya da rabi an same su gajeru idan aka kwatanta da yadda ya kamata su kasance. Amma da aka sake auna su suna wajen shekara biyar, mafi yawansu sun cike giɓin. Ache ta samu taimako mai yawa da sake gini na shekaru, aikin yi ya samu, asibitoci suka tashi, ruwa ya gyaru. Bala'in ya fi ambaliyar Bangaladash muni nesa ba kusa ba ta fuskar rayukan da aka rasa, amma yaran sun fi farfaɗowa. A fahimtata, girman bala'in a ranar da ya auku ba shi ne yake yanke hukunci a kan tsayin yaro ba, tsawon lokacin da gidansu ya ɗauka cikin rashi bayan haka shi ne ya fi nauyi.

Wani abu da ya ƙarfafa mini wannan fahimta shi ne binciken da aka yi kan guguwar teku a ƙasar Filifin. An gano cewa jariran da suke mutuwa a shekarar da ta biyo bayan guguwa sun ninka waɗanda guguwar ta kashe kai tsaye sau da yawa, kuma galibinsu mata ne, har da waɗanda ba a ma yi cikinsu ba a ranar da iskar ta kaɗa. Jaririn da ba a halitta ba iska ba ta taɓa shi ba, talaucin da ta bari ne ya same shi. A Indonesiya ma an ga cewa matan karkara da aka haifa a shekarar da damina ta yi kyau sun ɗan fi tsayi kuma sun fi daɗewa a makaranta, amma ba a ga wannan bambanci a wurin maza ba. Fassarar da ta fi kusa da hankali ita ce, idan abinci ya yi ƙaranci, akwai gidajen da rabon ɗiya mace ne yake fara raguwa.

Baban Uku:

Malam, ina da ja a kan wani ɓangare. Duk waɗannan alƙaluma matsakaici ne na dubban yara, ba su gaya mana komai tabbatacce game da yaro guda ba. A cikin yaran da babu wani bala'i da ya taɓa su ma akwai gajeru, kuma wani yaron yakan yi jinkirin girma sa'annan ya miƙe a lokacin balaga har ya wuce sa'anninsa. Ina tsoron kada uwa ta karanta wannan ta ɗora wa kanta laifin abin da wataƙila halittarsa ce kawai. Sa'annan ta yaya aka tabbatar cewa ambaliyar ce sanadi, tunda dama matalauta ne suka fi zama a inda ruwa yake ci, kuma 'ya'yansu sun fi fuskantar tsumburewa ko da babu ambaliya?

Malamin Ƙididdiga:

Wannan ja yana kan hanya, Baban Uku, kuma masu binciken sun san da shi. Shi ya sa nagartattun cikinsu ba sa kwatanta ɗan mai hali da ɗan talaka. Sukan kwatanta 'yan uwa ciki ɗaya, wanda fari ya riska yana ɗan wata goma sha takwas da wanda ya riska yana ɗan shekara biyar, ko kuma yaran gari ɗaya da aka haifa kafin bala'in da waɗanda aka haifa a cikinsa. A kwatancen 'yan uwa, iyaye ɗaya ne, gida ɗaya ne, gado ɗaya ne, bambancin kawai shekarun da kowa yake da su lokacin da abin ya zo. Akwai ma wata matsala da take sa alƙaluman su gaza faɗin gaskiyar ɓarnar: a bala'i mai tsanani, yaran da suka fi rauni sukan mutu, sai a auna waɗanda suka rayu kawai, su kuwa dama su ne masu ƙarfin jiki. Amma na yarda da kai cewa babu wanda zai iya duban yaro ɗaya daga nesa ya ce ga sanadinsa. Wannan aikin awo ne a asibiti.

Tsohuwar Ungozoma:

'Ya'yana, ku bar ni in ƙara abu biyu da ban ga an taɓo ba.

Na farko shi ne tashin hankalin mai ciki, ko da abinci bai yanke mata ba. Jikin mutum yana fitar da wani sinadari da ake kira kotisol idan ya shiga firgici ko damuwa mai tsawo. Mabiyiya tana da hanyar da take rage kaifinsa kafin ya isa ga ɗan ciki, amma kariyar ba cikakkiya ba ce. Bayan girgizar ƙasar da aka yi a arewacin Chile a watan Yuni na 2005, an duba takardun haihuwa aka ga matan da suke cikin wata uku na farko a lokacin sun haifi jarirai masu ɗan ƙarancin nauyi, wasu kuma naƙuda ta zo musu kafin lokaci, duk da cewa yunwa ba ta shiga yankin ba. A lardin Kwebek na Kanada kuma, a Janairun 1998 ruwan ƙanƙara ya karya turakun lantarki, wasu gidaje suka yi fiye da wata guda babu wuta a tsakiyar hunturu. Wata malama a Jami'ar McGill, Suzanne King, ta bi 'ya'yan matan da suke da ciki a lokacin na tsawon shekaru. Abin da ya ba ni mamaki a sakamakon shi ne, yaran da uwayensu suka fi shan wahala ba gajeru suka zama ba, ƙiba ce ta fi kama su. Wannan ya yi daidai da abin da aka gani a Holan bayan yunwar hunturun 1944 zuwa 1945, wadda yaƙi ne ya kawo ta, inda rabon abincin mutum ya faɗi ƙasa da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki) 1,000 a rana. Waɗanda yunwar ta riska a ƙarshen ciki an haife su ƙanana, waɗanda ta riska a farkon ciki kuwa an haife su da nauyi daidai, amma da suka manyanta sun fi kamuwa da ƙiba da ciwon zuciya. Likitan nan na Ingila, David Barker, shi ne ya shahara da wannan ra'ayi tun shekarun 1980, cewa jiki yana tsara kansa tun a ciki bisa halin da ya tarar. Don haka tsayi ba shi kaɗai ne abin dubawa ba.

Na biyu shi ne nono, kuma a nan ne na fi ganin kuskure a tsawon aikina. Da zarar bala'i ya auku sai ka ji ana cewa nonon uwa ya ƙafe saboda firgici, sai masu taimako su shiga rabon madarar gwangwani da kyakkyawar niyya. Firgici yana iya jinkirta saukowar nono na ɗan lokaci, amma ba ya ƙafar da shi, kuma idan jariri ya ci gaba da tsotso yakan dawo. Uwar da ta ɗan rame ma tana iya shayarwa, abin da take bukata shi ne a ciyar da ita, a ba ta ruwa da wurin natsuwa. Madarar gwangwani kuwa ana dama ta ne da ruwan da yake akwai, a kwalbar da babu inda za a tafasa ta. Bayan girgizar ƙasar Yogyakarta a Indonesiya a 2006, jariran da aka raba wa gidajensu wannan madara sun kamu da gudawa kusan ninki biyu na waɗanda ba a ba su ba. Nono zalla na wata shida ya fi muhimmanci a matsugunin 'yan gudun hijira fiye da ko'ina.

Yayar Maijego:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Inna Ungozoma, ƙanwata ta yaye shi yana ɗan wata tara saboda an ce mata nononta ba ya isarsa, kuma daga nan ne gudawar ta tsananta. Ba zan gaya mata wannan a matsayin laifi ba, domin abin da aka faɗa mata ta bi. Tambayata yanzu ita ce, tunda ya wuce shekara biyu, me ya rage a yi?

Ma'aikacin Lafiyar Al'umma:

Abu na farko, Yaya, a kai shi a auna, kada a tsaya ga kwatanta shi da yaran maƙwabta da ido. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin tsayin yaro namiji ɗan wata 30 kimanin santimita 92 ne, kuma sai ya gaza wajen 85 ake cewa ya tsumbure. A auna nauyinsa, a auna kaurin damtsensa da zaren awo: idan bai kai milimita 125 ba akwai rama, idan bai kai 115 ba ko kuma ƙafafunsa biyu sun kumbura, wannan tamowa ce mai tsanani wadda ba ta jiran gobe. A duba jininsa, a ba shi maganin tsutsar ciki idan ma'aikacin ya ga dacewar haka, a kuma ɗauko katin riga-kafinsa a cike duk allurar da ta wuce shi a lokacin ambaliyar. Awo ɗaya ba ya wadatarwa. A maimaita bayan wata uku, sa'annan bayan wata shida, domin yaron da yake gajere amma yana ƙaruwa daidai gwargwado dabam yake da wanda girmansa ya tsaya cik. Na biyun yana bukatar likita ya bincika ko akwai wata cuta dabam, kamar ta hanji, ko ta zuciya, ko ta maƙoƙo.

Gaskiya ne cewa bayan shekara biyu cike giɓin tsayi yana da wuya kuma ba kasafai yake cika ba, amma ƙofar ba ta rufe ba, kamar yadda yaran Ache suka nuna, kuma akwai wata miƙewar a lokacin balaga. Abin da zai taimaka shi ne ingancin abinci fiye da yawansa, wato a riƙa haɗa masa da ƙwai, ko madara, ko kifi, ko nama, da wake da ganye da 'ya'yan itace gwargwadon hali, tare da ruwa mai tsabta da wanke hannu. Duk lokacin da gudawa ta zo, a ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14, kada a dakatar da abinci, kuma bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a rana na mako biyu. A guji ɗura masa kayan zaƙi da maiƙo don a ga ya yi ɓulɓul, domin yaron da ya tsumbure idan ya tara nauyi da sauri bayan shekara biyu, ƙiba yake yi ba tsayi ba, kuma hakan yana ƙara masa haɗarin ciwon suga da hawan jini idan ya girma. Ita ma mahaifiyar a duba jininta, musamman idan tana da niyyar sake haihuwa nan kusa. Yayan nasa kuma da yake firgita da hadari har yanzu, a ambata wa ma'aikacin lafiya idan an je, domin shi ma akwai taimakon da za a iya yi masa.